Gumakan Hindu Cikin Kayan Adon Ɗaki: Ma'anarsu da Yadda Bahaushe Ke Kallonsu

1.0 Gabatarwa

Galibin Hausawa sun fara ganin surorin abubuwan bautar Hindu ne a finafinan Indiya, waɗanda Kwarori suka riƙa shigo da su gidajen silima na Kano da Sakkwato da sauran birane tun wajen shekarun 1960. A yau kuwa ana sayar da ƙananan gumakan nan a kasuwannin duniya a matsayin kayan ado, har wanda bai san asalinsu ba yana iya saye ya ɗora bisa kanta. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana abin da siffofinsu ke nufi ga masu su, sa'an nan a auna su da al'adar adon ɗaki ta Bahaushe.

2.0 Ma'anar Siffofin

Mabiya addinin Hindu na kiran irin wannan sura murti. A wurinsu kowane sashe nata yana ɗauke da saƙo, yawan hannaye kuma ishara ce ga yawan iko.

Ganesha yana da kan giwa, abin hawansa ɓera. Shi ake ɗauka mai kau da cikas, don haka ake ajiye shi a bakin ƙofa, ake kuma ambatonsa a farkon kowane sabon al'amari. Lakshmi tana kan fure mai kama da na bado, tsabar zinariya na zuba daga tafin hannunta. Ita ce alamar arziki, ana girmama ta musamman a bikin Diwali. Saraswati tana sanye da fararen tufafi, tana riƙe da littafi da wani abin kiɗa mai tsarkiya. Ilimi da fasaha su ne rabonta. Shiva mai rawa, wato Nataraja, wanda maƙeran tagulla na daular Chola suka fitar da siffarsa a wajen ƙarni na 10 da na 11, yana riƙe da ɗan ganga mai ƙirar kalangu, alamar halitta, da wuta, alamar ƙarewa, yana kuma take wani wada wanda ke wakiltar jahilci.

Su kansu Hindu suna bambanta sura iri biyu. Wadda aka yi wa bikin da suke kira prana pratishtha ta zama abin bauta, ana kunna mata fitila, ana kai mata furanni. Wadda ba a yi wa ba, ado ce, amma duk da haka ba sa yarda a ajiye ta a ƙasa ko kusa da takalma.

3.0 Shigowarsu Afirka ta Yamma

Hoto ya riga gunki isowa. Maɗaba'ar da mai zane Ravi Varma ya kafa a Bombai a 1894 ta yaɗa hotunan nan masu launi, daga baya fatake suka kawo irinsu gaɓar teku. A Togo da Binin masu bautar vodun suka karɓe su, suka ba su sababbin sunaye: hoton Dattatreya mai kai uku ya koma Densu. Wannan ya nuna cewa sura tana iya barin ƙasarta ta sami sabuwar ma'ana, amma da wuya ta zauna babu ma'ana sam.

4.0 Matsayin Bahaushe

Ko kafin Musulunci, sassaƙa sura ba ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa ba kamar yadda ta yi a ƙasar Yarabawa. Tarihin Kano ya nuna cewa wurin bautar Tsumburbura itace ne da aka kewaye da bango, Barbushe kaɗai ke shiga. Iskokin bori ma jikin mutum suke hawa, shi ya sa ake kiran ɗan bori doki. Da Musulunci ya kafu, malaman Malikiyya suka haramta cikakkiyar surar abu mai rai idan tana da inuwa, suka sassauta game da zane a shimfiɗe, suka kuma halatta wa yara mata 'yar tsana.

Saboda haka adon ɗakin Bahaushiya ya bi wata hanya dabam. A ƙasar Gwandu, mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da garuruwanta irin su Diggi, kamar sauran ƙasar Hausa, jere ya tashi daga ƙorai da fayafai, ya koma tasoshi da kwalla, sa'an nan tangaran a kabad. A bango akan rataya ayoyi da hoton Ka'aba. Jeren kuwa shi ma magana yake yi: yana faɗar arzikin iyayen amarya da matsayinta tsakanin kishiyoyi.

Harshe ma ya tanadi bambancin. Gunki sura ce da ake bauta wa, mutum-mutumi kuwa sura ce kawai. Mai fassara da ya kira murti mutum-mutumi ya rage mata abin da masu ita ke gani, wanda kuma ya kira kowace sassaƙa gunki ya ɗora mata abin da ba ta da shi.

5.0 Kammalawa

Bahaushe ya karɓi waƙa da rawa da salon labarin Indiya, har suka yi tasiri a finafinan Kano tun shekarun 1990, amma bai karɓi gumakan ba, domin ya riga ya san cewa kayan ɗaki shaida ne ga mai ɗaki. Ya kamata malaman Hausa su koya wa ɗalibai ma'anar waɗannan siffofi, don mai saye ya san abin da ya kai ɗakinsa, mai fassara kuma ya san kalmar da ta dace.