Zabarmanci: Harshen maƙwabta da masana ke jayayya kan asalinsa

Duk mai shiga kasuwannin Sakkwato ya saba jin Zabarmanci a bakin 'yan kasuwa da baƙin da ke zuwa daga Dosso da Yamai. Da yawa kan ɗauka ɗan'uwan Hausa ne, saboda daɗewar zama tare da aron kalmomi. Masana harshe kuwa sun ce ba haka abin yake ba.

Ba kalmomin ciniki suke dubawa ba, don waɗannan suna bin fatake ne. Kalmomin asali suke aunawa. Ruwa a Zabarmanci "hari" ne, mutum "boro", ƙirga kuma "afo, ihinka, ihinza". Babu inda suka haɗu da na Hausa, wadda ke cikin harsunan Cadi masu dangantaka ta nesa da Larabci.

Zabarmanci ɗan wani ƙaramin gida ne da ake kira Songhai. 'Yan'uwansa sun haɗa da Dandanci na Kamba da Gaya, harsunan Gao da Tambutu a Mali, Tasawak na Ingal kusa da Agadas, da Korandje na Tabelbala a hamadar Aljeriya.

Inda gizo ke saƙa shi ne: su waye dangin wannan gida? A 1963 Ba'amurke Joseph Greenberg ya sa shi cikin rukunin Nilo-Sahara tare da Barbarci. Wasu ba su gamsu ba, suna cewa kalmomin da suka yi kama ba su taka kara sun karya ba, kuma ginin jimlarsa ya fi kusa da harsunan Mande. Bafaranshe Robert Nicolaï na ganin cuɗanyar al'ummu a hanyoyin fataucin Sahara ce ta haife shi. Wasu kuma sun bar shi a matsayin gida mai zaman kansa.

Matsalar ita ce shaidun da za su raba gardama suna ɓacewa. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Agadas a 1850, ya tarar mutanen garin na magana da wani harshen Songhai, har ya rubuta kalmominsa. Yau Hausa ta maye gurbinsa. Tasawak da Korandje ma masu jin su 'yan dubbai ne kawai.

Duk wanda ya mutu a cikinsu ba a rubuta shi ba, ya tafi da wani ɓangare na amsar.