Mdou Moctar: Wayar Salula Ta Kai Shi Turai, Juyin Mulki Ya Tsare Shi A Amurka

Sau da yawa in muka ga hoton mawaƙi a bakin jirgin sama, ya sha tabarau ya rataya jaka, sai mu ce kai, wannan ai ya gama morewa! Wata ma har ta ce ina ma mijinta ne. To 'yar uwa, tsaya ki ji labarin wani Ba'abzine ɗan Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, kafin ki yanke hukunci.

A jihar Tawa aka haife shi, a gidan da ba a son jin ko da sunan jita. Amma kun san zuciya da abin da take so. Tun ranar da ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita a bainar jama'a ya ƙwallafa rai. Ba kuɗin saye, ba mai saya masa, sai ya sami katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya riƙa koya da kansa. Ga shi kuma bahago ne.

Abin da zai ba ku mamaki, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Ba shi da ubangida, ba kamfanin da ya ɗauki nauyin tallarsa. Samari da 'yan mata ne suka yi ta tura wa juna waƙoƙin ta bulutut da mimori, daga waya zuwa waya, har suka tsallaka Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji waƙarsa Tahoultine, ya sa ta a faifan da ya fitar a 2011, ya kuma yi cigiyar mai ita har ya gano shi. Kun ji rabo, wanda ba ya wuce ranarsa.

A 2014 ya fara zagayen ƙasashen Turai. A 2015 ya fito a matsayin jarumin wani fim na soyayya da kiɗa cikin harshen Tamashek, wanda aka shirya a Agadas. A 2017 ya fara wasa a Amurka, faifansa Afrique Victime kuwa na 2021 shi ya ƙara fito da shi duniya.

To amma ina wahalar take? Mawaƙi mai cin gashin kansa ba kamar makaɗin fada ba ne da sarki zai ba doki da riga. Abin da aka tara a ƙofa, da cinikin faifai da riguna, daga ciki za a fitar da kuɗin jirgi, da biza, da mota, da masauki, sai abin da ya rage a raba. Kafin ma a ga jirgin, daga Agadas inda ya yi zama zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota. In an isa can kuwa, yau ana wannan gari gobe ana wancan, barci rabi da rabi, abinci ba irin na gida ba, ga sanyi. Iyali kuma sai dai a waya.

Babbar jarrabawa ta zo ranar 26 ga Yulin 2023. Suna tsakiyar zagayen Amurka sai sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar. Shi da abokan kiɗansa biyu, Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim, suka rasa hanyar komawa gida. Ki auna da kanki: dubban mutane na yi miki tafi da dare, ke kuwa hankalinki na can wajen mahaifiya da ƙanne, ana ta raɗe-raɗin yaƙi, wutar lantarkin da Nijeriya ke bai wa Nijar ma an yanke. Sai da masoyansu suka yi karo-karo ta intanet don biya musu masauki da abinci.

Ba su zauna sun rungume hannu ba. A wannan zaman jiran suka shiga ɗakin naɗar waƙa a birnin New York tare da na huɗunsu, Ba'amurke Mikey Coltun, suka sake rera sababbin waƙoƙinsu cikin sanyi da jitar da ba ta lantarki ba. Faifan asali, Funeral for Justice, ya fito a 2024, wannan na kewar gida kuwa, Tears of Injustice, a 2025. Ko ba kya jin Tamashek, muryar kaɗai ta isa ta gaya miki halin da suke ciki.

Wani abin burgewa, duk dandalin da ya hau a Turai da Amurka da rawaninsa da doguwar rigarsa yake hawa, galibi kuma da harshen iyayensa yake waƙa. Bai aro muryar kowa ba, da abinsa na gida ya ci kasuwa.

Saboda haka 'yan uwa, musamman ku 'yan makaranta, mai baiwa kada ta raina ɗan abin da ke hannunta, wanda ya fara da birkin keke ga inda ya kai. Wadda kuma ke mafarkin auren tauraro, ta tambayi zuciyarta tun yanzu ko za ta iya jiran watanni ita kaɗai da yara, domin tafin na 'yan kallo ne, zullumin kuwa na matar gida. Shin ke za ki iya? Muna jiran wasiƙunku. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri, amin.