Kwaryar Goro Da Ta Koya Mini Lissafi

A hutun da ya wuce mahaifina ya aike ni daga Tambuwal zuwa Kebbe da kwaryar goro, watau goro 100, don a raba wa gidaje 4 na danginmu saboda sanarwar auren yayata. Lissafin mai sauƙi ne, kowane gida 25. Amma da muka kwance ganye sai muka tarar 3 sun lalace, saura 97. Kawuna ya gwada kasa su gida 4, aka sami ragowa. Ya ƙara maƙwabta ya gwada 5, da 6, da 7, duk haka. Kowa kuwa ya san rabon da bai zo daidai ba yakan jawo ƙorafi tsakanin 'yan'uwa.

To, a nan ne darasin malaminmu ya faɗo mini. Lambobi iri-iri ne, ana gane su ta abin da ke raba su ba ragowa.

Da farko akwai cika da mara. Cika ita ce wadda 2 ke rabawa, kamar 4 da 10. Mara kuwa takan bar ɗaya, kamar 3 da 9. Duk mai sallar shafa'i da wutiri ya san wannan bambanci. Wani malamin Katsina ma, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya rubuta littafi a 1732 game da hatimi mai gidajen mara.

Na biyu, akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Da Turanci ana ce musu firam. Guda 25 ne a ƙasa da 100, kuma 2 ce kaɗai cika a cikinsu. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Yukilid na Iskandariya ya tabbatar ba su da iyaka.

Na uku, akwai masu rabuwa ta hanyoyi da yawa, kamar 12 da 100. Ita kuwa 1 ba ta cikin waɗannan biyu, don mai raba ta ɗaya ne tak.

Sai na ce, "Kawu, 97 firam ce, ko mun kwana nan ba za ta kasu ba. Amma in an cire ɗaya, 96 za ta ba kowane gida 24."

Ya yi dariya, ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya ce, "Ashe bokon naku yana da rana."

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, mu daina gudun lissafi. Iyayenmu kuma su riƙa jarraba mu da irin wannan rabo a gida.