Sayen Kwamfuta ta Hannu: Kada Magidanci Ya Yi Cinikin Biri a Sama

Duk shekara idan damina ta ja baya, makarantu suka buɗe a watan Oktoba, akwai wata magana da kan shigo gidaje tare da kuɗin littattafai da na tufafin makaranta. Yaro ya ci jarrabawar bak zai shiga jami'a, ko yarinya ta kai shekarar rubuta kundin kammala karatu, sai a wayi gari ana cewa: “Baba, malamai sun ce sai da kwamfuta.” Magidancin da bai taɓa ɗora yatsa a kan wannan na'ura ba sai ya tattara abin da ya tanada, wani lokaci har da kuɗin adashen uwargida, ya nufi kasuwa. Sabuwa dal ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, don haka ta hannu ake saye, irin wadda masu Faransanci ke yi wa laƙabi da “France au revoir”. Ba aibi ba ne ko kaɗan. Kwamfutar da wani kamfani a Turai ya yi aiki da ita shekara uku ko huɗu takan fi sabuwa mai araha ƙarko. Matsalar ita ce ba duk ta hannu ce ɗaya ba, kuma ido ba ya rarrabe su.

Wani maƙwabcina, dattijo mai sayar da hatsi, ya saya wa ɗiyarsa ɗaya a bara. Tana sheƙi kamar ba a taɓa buɗe ta ba, an manna mata tambarin “Core i7”, mai shago kuma ya ce masa ai bakwai ta fi biyar, wanda ba ƙarya ba ne a lissafi. Kwana biyu da kawo ta gida aka gane batirinta ba ya kai minti ashirin. Da aka kai ta wurin mai gyara, ya duba ya ce ƙirar shekarar 2013 ce. Da dattijo ya koma shagon, amsar da ya samu ita ce kaya ya riga ya fita.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne shekarun na'urar, domin a yanzu ya fi kowane lokaci muhimmanci. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai dai ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 da ya gaje shi ba ya karɓar kowace kwamfuta. A ɓangaren Intel, yana neman ƙwaƙwalwa ta tsara ta 8 zuwa sama, wato waɗanda aka fara fitarwa a 2017, tare da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ma'anar wannan a fili take: ofisoshin Turai da Amurka suna rabuwa da injunan da ba su cika sharaɗin ba, su kuma irin waɗannan injuna kasuwanninmu suke nufowa. Idan kun ga araha ta yi yawa, ku tambayi kanku dalili.

Gane tsarar ba ya bukatar ilimin boko mai zurfi. Bayan “i5” ko “i7” akwai lambobi, kuma na farkonsu shi ne tsarar. Idan an rubuta i5-8250U, tsara ta 8 ce, ta wuce. Idan i7-4600U ce, tsara ta 4 ce, tsohuwa ce duk da “i7” ɗin da ke ɗaukar ido. Daga tsara ta 10 lambobi biyu na farko ake karantawa, misali i5-1135G7 tsara ta 11 ce. A sani i5 ta tsara ta 8 ta fi i7 ta tsara ta 4 gudu nesa ba kusa ba. Kada a dogara da takardar da aka manna a jikin na'ura, don manna takarda ba wuya. A sa mai shago ya kunna ta, ya buɗe shafin bayanin na'ura, a karanta da ido. Wanda ya ƙi kunnawa ya riga ya ba ku amsa.

A wannan shafin ne kuma za a ga ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. Jiga 4 ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, amma ɗalibin da zai buɗe littafi da intanet da wurin rubutu a lokaci guda zai sha jira. Jiga 8 shi ne daidai. A takardun Faransanci “Go” ake rubutawa, a na Ingilishi “GB”, duk abu ɗaya ne. Game da ma'ajiya, masu shago sukan yi alfahari da jiga 500 ko 1000, alhali tsohon faifai ne mai juyawa, wanda ke da nawa kuma faɗuwa ɗaya kan iya kashe shi da duk abin da ke ciki. Jiga 256 na irin da ake kira SSD ya fi wa ɗalibi amfani, musamman wanda zai riƙa hawa babur da jakarsa a baya.

A duba gida kafin a duba shago

Na'urar da aka ƙera don ofis mai sanyi a Turai za ta zo ta zauna a ɗakin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu kuma tana jiran ta a ƙarshen shekara. Ga kuma batun wuta. Ba mu manta ba da abin da ya faru a Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, ba a mayar ba sai a Maris 2024. Ko a lokacin lafiya, bazara lokacin ɗauke wuta ce. Saboda haka a ganina, gidan da ba shi da hasken rana ko janareta bai kamata ya sayi kwamfutar tebur ba, ko da an ba shi ita a rabin kuɗi. Ita tana mutuwa nan take idan wuta ta tafi, sai an haɗa ta da akwatin batir da masu shago ke kira “onduleur”, shi ma kuɗi ne. Ta ɗauka kuwa batirinta na jikinta, kuma cajarta ba ta wuce wat 45 zuwa 65 a galibi, abin da ƙaramin faifan hasken rana zai iya ɗauka.

Wannan ne ya sa batir ya zama zuciyar cinikin. Batir yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Windows yana da rahoton batir, wanda kowane mai gyara ya san yadda ake fitar da shi da umarnin powercfg /batteryreport. Rahoton yana nuna lambobi biyu: abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da abin da yake ɗauka yau. Idan na yau bai kai rabin na farko ba, to a sa kuɗin sabon batir cikin lissafi tun kafin a yi tayi. Idan babu mai fitar da rahoton, a cire caja, a zauna a shagon rabin sa'a ana kallon bidiyo, a ga inda lissafin batirin ya sauka. Rabin sa'a a kan benci ba asara ba ce. In kuwa aka ga murfin ƙasa ya kumbura ko wurin taɓawa ya ɗago, batirin ya lalace, yana iya kama wuta, kada ya shiga gida mai yara.

Akwai kuma wani abu da mutanen ƙasashenmu kaɗai ke fama da shi, saboda muna zaune tsakanin kasuwanni biyu. Kayan da suka shigo daga Faransa da Beljiyam allon haruffansu na Faransanci ne, wanda layinsa ya fara da AZERTY, yana da é da è da ç a shirye. Kayan da suka hauro daga Kano ko daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas allon Ingilishi ne, QWERTY, kan cajarsu kuma sau da yawa mai ƙafa uku ne masu kusurwa, ba ya shiga bakin wutar bangonmu mai rami biyu sai da mahaɗi. Yaron da ke karatu da Faransanci a Yamai ko Damagaram zai wahala da QWERTY wajen neman wasulla masu alama. Ana iya sauya tsarin a cikin na'ura, amma abin da aka zana a kan maɓallan ba zai sauya ba, sai dai a manna musu takardu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da kuma Larabci ga mai son rubuta darasin islamiyya, babu allon da ke zuwa da su daga Turai, amma ƙara su cikin Windows kyauta ne. Kada wani ya karɓi kuɗinku a kai.

Kayan da ƴan uwa ke aikowa daga Amurka su ma a yi hattara. Wutar can bolt 120 ce, tamu 220. Cajar kwamfutar ɗauka takan karɓi duka biyun, za a ga an rubuta 100–240V a jikinta. Amma injin buga takardu da wasu kayan gida sau da yawa 120 kawai suke ɗauka, jona su ɗaya hayaƙi ɗaya. Injin buga takardu ma ban cika ba gida shawarar saye ba. Mai tawadar ruwa yana da araha, amma tawadarsa na bushewa a zafi idan an kwana biyu ba a buga ba, kuma kuɗin tawada kan zarce kuɗin injin cikin ƴan watanni. Shagon buga takardu na bakin makaranta ya fi sauƙi.

Saura maganar da ta shafi amana. Wasu injunan na zuwa a kulle, ko da kalmar sirri tun daga kunnawa, ko suna neman a shiga da sunan wani kamfani, ko kuma, a kayan Apple, suna ɗaure da asusun mai su na farko. Irin wannan ko dai kayan sata ne, ko kayan da ba a sallame su bisa ƙa'ida ba, kuma alƙawarin “za a buɗe maka” ba abin riƙewa ba ne. A sa a jona na'urar da intanet a shagon, a kashe a sake kunnawa a gaban mai saye. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayani a babin ciniki, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kuma wanda ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Haƙƙi ne tabbatacce, sai dai tabbatar da shi a kasuwa yana son shaida. A karɓi resi mai ɗauke da sunan shago, da ranar ciniki, da lambar na'urar da ke rubuce a ƙarƙashinta, da kwanakin garanti ko da bakwai ne. A tafi da wanda ya san na'ura, ko da yaron da za a saya wa ne, domin a wannan fage ɗa ya fi uba gani, ba kuma abin kunya ba ne.

Idan an kawo ta gida, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma tana aiki, don ta ƙasa take shaƙar iska. A rufe ta da ƙyalle lokacin ƙura, a cire caja idan hadari ya taso. Inda akwai ƙananan yara, zai fi kyau ta zauna a falo inda kowa ke wucewa. Kundin karatu kuwa a riƙa ajiye kwafinsa a wani wuri dabam duk mako.

Kwamfutar maƙwabcina ba a jefar da ita ba. Mai gyara ya cire tsohon faifan ya sa SSD, ya ɗora mata Linux Mint, wanda kyauta ne kuma ba ya tambayar tsara, tare da LibreOffice na rubutu. Yarinyar tana rubuta kundinta da ita, sai dai dole ta zauna kusa da bango, in wuta ta tafi ta rufe ta koma takarda, don batirin irin wannan tsohon ƙira ba a same shi a garin ba tukuna. Da dattijo ya haɗa kuɗin saye da na gyara, ya tarar sun haura abin da aka ce masa ya biya a kan wata i5 ta tsara ta 8 da ke ajiye a shago na gaba, wadda ya wuce saboda murfinta yana da ƙarce.