Fitilar masu nutso: Me ya sa ba ta dace da gadin gona ba?

Duk manomin rani da ke bakin madatsar ruwa ta Tomas a yankin Dambatta da Makoɗa, ko ta Watari a Bagwai, ya san darajar tocila mai haske. Da ita ake ban ruwa cikin dare, da ita ake gadin inji da albasa saboda ɓarayi.

Shi ya sa idan mutum ya ci karo da fitilar masu nutso a teku cikin kayan gwanjo, musamman samfurin HID mai haske kamar rana, zai ga ya yi tsuntuwa. Sai dai akwai lauje cikin naɗi.

Yadda take aiki

Ƙwan HID ba shi da siririyar wayar nan ta tsohon ƙwan lantarki. Wuta ce ke tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu a cikin ɗan gilashi mai iskar zenon. Danginta ne fitilun motar nan masu kashe ido, waɗanda kamfanin BMW ya fara sakawa a 1991.

Ƙwan yana ɗaukar zafi sosai, ga shi an toshe jikin fitilar ruf don kada ruwa ya shiga. A cikin teku, ruwa ne ke kwashe zafin. A tudu kuwa, balle a zafin bazarar Kano, manyan cikinsu sukan yi zafin da zai lalata robar da ke toshe su, ko ya ƙona hannu. Idan aka tsoma gilashin da zafinsa cikin ruwan sanyi, yana iya tsagewa. Ajiye ta a kunne kan kara ko harawa kuma ganganci ne.

Ba ta son kunna-kashe

Mai gadi yana son haske nan take da ya ji motsi. Ita kuwa HID sai ta ɗauki daƙiƙoƙi kafin haskenta ya cika, kuma yawan kunnawa da kashewa yana rage kwanan ƙwan. In ya mutu, ba a kasuwar ƙauye za a samo wani ba.

Su kansu masu nutson yawancinsu sun koma fitilar LED. Ga manomi, tocilar LED mai caji ko mai sola ta fi araha da juriya. Wanda ya riga ya sayi HID kuwa, ya taƙaita kunna ta, ya kashe da zarar ta yi zafi, kuma kada ya haska idon mutum ko dabba.