Jakar Ɗauko Nama a Farautar Kwanaki: Abin da Ya Kamata Mu Sani

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, 'yan farauta a garuruwanmu kan fara shirin shiga daji. Wasu fitar yini suke yi, wasu kuwa sai su kwana uku, huɗu, har mako guda ba su dawo gida ba. Ana gyara bindiga, a wasa adda, a tanadi guzuri da ruwa, a kula da karnuka. Abin da ba mu cika sa wa ido ba shi ne mazubin da za a ɗauko naman a ciki. Sai an yi sa'a an kama, sannan a laluba a jawo tsohon buhu ko leda. Sau da yawa a nan ne wahalar kwanaki ke tafiya a banza, domin naman da aka samu lafiya lau yakan iso gari yana wari, mai ɗaukarsa kuma ya iso da ciwon baya.

Akwai ƙasashen da suka daɗe suna nazarin wannan al'amari. A yammacin Amurka, cikin jihohin Kolorado da Montana da Idaho, mafarauta kan bi wata babbar barewa da suke kira elk zuwa kan duwatsun da mota ba ta hawa. Idan sun harbe ta, a wurin suke feɗewa, su rarraba ta gaɓa-gaɓa, su goyo naman a baya har inda suka bar mota. Cinya guda ta babban namiji kan kai kilo 25 zuwa 30, saboda haka mutum ɗaya sai ya yi sawu da yawa kafin ya kwashe. A jihar Alaska ma doka ce: ba a yarda mafarauci ya fitar da ƙahon dabba daga inda ya kashe ta ba sai ya kwashe duk naman da ke ciyuwa, ko kuma ƙahon ya biyo sawun ƙarshe. Barin nama ya lalace a daji laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Wannan larura ce ta sa suka ƙirƙiro jakar goyo ta musamman, kuma ko da ba za mu sayi irin tasu ba, fahimtar yadda take aiki zai amfane mu.

Ƙashin bayan wannan jaka shi ne firam, wato wani ɗan tsani marar nauyi na alminiyom ko makamancinsa, wanda ke kwanciya a bayan mutum daga ƙugu zuwa saman kafaɗa. Wani Ba'amurke mai suna Dick Kelty ya fara sayar da jakunkuna masu firam na alminiyom a 1952, daga baya a 1967 Greg Lowe ya fito da mai firam a ciki. A ƙasan firam ɗin akwai ɗamara mai faɗi, mai katifa, wadda ake ɗaurewa a kan ƙashin ƙugu. Ita ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin, ta sauke shi a kan ƙafafu. Igiyoyin kafaɗa aikinsu kawai su hana kaya rinjaya baya. Akwai kuma wasu gajerun igiyoyi biyu da ke tasowa daga saman firam zuwa kafaɗa, idan an ja su sai kayan ya matso jiki. Duk wanda ya lura da yadda uwa ke goyon ɗanta ya riga ya san sirrin: ɗan yana manne da baya, zane ya ɗaure tamau, shi ya sa take yini tana aiki da shi. Kaya in ya yi nesa da baya ko ya zazzago ƙasa, sai mutum ya duƙa don ya rama, a nan gadon baya da gwiwoyi ke shan wahala.

Abin da ya bambanta jakar mafarauci da ta matafiyi shi ne gurbin nama. Ana iya sassauta jakar daga jikin firam, a buɗe sarari a tsakaninsu, a sa naman a nan a matse shi da igiyoyi. Ta haka mafi nauyin kaya yana kusa da jiki, jini kuma ba ya taɓa tufafi da abinci. Girman jaka da lita ake auna shi. Mai kwana uku zuwa biyar lita 60 zuwa 80 kan ishe shi, mai mako kuwa yakan nemi kusan lita 100. Amma girma ba shi ne abin dubawa na farko ba. Jakar da tsawon firam ɗinta bai dace da tsawon bayan mai ita ba, komai tsadarta, azaba ce. Kamfanoni irin su Mystery Ranch da Stone Glacier da Kifaru suna sayar da nasu a kan ɗaruruwan daloli, kuɗin da babu dalilin da zai sa mafaraucin ƙauye ya kashe.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi nauyin kaya muhimmanci a ƙasa mai zafi irin tamu, wato lafiyar naman kansa. Dabba tana faɗuwa da ɗumin jikinta, wajen digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Selshiyos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a cikin abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20 idan yanayi ya yi musu daɗi. Ke nan sabon nama yana tsakiyar wannan haɗari tun daga lokacin da aka yanka. Mafaraucin Montana yana da sanyin dare da ƙanƙara suna taya shi. Namu kuwa, in bazara ta kama a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, zafin rana kan haura digiri 40. Ko a lokacin hunturu, da hantsi ya yi, sanyin ya tafi.

Abubuwa uku ke lalata nama a daji: zafi, danshi da ƙuda. Leda tana haɗa biyun farko wuri guda. Idan aka ƙulle nama mai ɗumi a cikinta, tururinsa ba shi da mafita, sai ya yi gumi, ya yi yauƙi, kafin gari ya waye ya fara canza launi daga wajen ƙashi. Mutane da dama suna sa leda ne da kyakkyawar niyya, don kada jini ya ɓata kaya ko ƙura ta shiga, ba su san ita ce ke dafa naman ba. Ƙuda kuwa, musamman koren nan mai ƙyalli, yana zuba ƙwai a kan nama cikin ɗan lokaci, kuma a yanayin zafi ƙwan kan ƙyanƙyashe tsutsa kafin kwana guda. Maganin da mafarautan can suka samo mai sauƙi ne ƙwarai: buhunan yadi marar kauri, wanda iska ke ratsawa amma ƙuda ba ya iya shiga. Kowane tela a kasuwarmu zai iya ɗinka irinsa da farin alawayyo, ya sa masa zariya a baki. Buhu huɗu ko biyar ba su da nauyin a-zo-a-gani, ana wankewa a sake amfani da su shekara da shekaru.

A guji buhun taki da na maganin ƙwari ko na feshi, ko da an wanke. Ragowar sinadarin kan maƙale a saƙar buhun, danshin nama kuma ya jiƙa shi ya tsotse.

Iyayenmu ba su jahilci wannan ilimi ba. Burgamin fata na kayan aiki ne da guzuri, nama kuwa banda ake yi masa tun a daji, a ƙyafe shi a kan wuta har ya bushe kafin a ɗauko. A farautar da za ta wuce yini guda, a ganina wannan ita ce hanya ɗaya tilo da za a amince da ita, domin babu jakar da za ta riƙe ɗanyen nama kwana uku a zafinmu. Sai dai bandar ma tana da ƙa'ida. A fitar da kayan ciki nan take, a kiyaye kada wuƙa ta fasa hanji ko tumbi. A feɗe, a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A yanka naman falle-falle, domin ƙaton yanki yakan yi baƙi a waje alhali cikinsa ɗanye ne, kuma irinsa ne ke ruɓewa a hanya. A yanke wurin da harsashi ya ratsa a zubar, saboda ɓurɓushin dalma kan warwatsu a cikin tsokar da ke kewaye, dalma kuwa guba ce, ta fi yi wa yara illa. Bayan an sauke daga wuta, a bari ya huce sarai kafin a zuba a buhu. Duk inda aka yada zango, a fito da shi ya sha iska.

Wajen ɗauka, wanda ke da hali ya duba kasuwar gwanjo, akan samu jakunkunan goyo na masu hawan dutse da na sojoji a farashi mai sauƙi. Kada kyan launi ya ruɗe mu. A duba ɗamarar ƙugu ko tana da faɗi da ƙarfi, a lanƙwasa bayan jakar a ji ko akwai ƙarfe a ciki, a ja ɗinkin igiyoyi da ƙarfi. Kafin a biya, a zuba mata kaya mai nauyi a goya, a yi ɗan tattaki. Idan kafaɗa ce ke ɗauke da komai, ba ta dace ba. Wanda bai samu ba, mai walda zai iya haɗa masa firam da siririn bututu, ko a ɗaure na gora ko gwangwala, baduku ya yi masa ɗamara. Masu tafiyar ƙasa kan ba da shawarar kada kaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mafarauta kan zarce haka bisa larura, amma sawu biyu da lafiya ya fi sawu ɗaya da targaɗe a inda babu mai taimako.

Akwai kuma batun cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kuma jaka tana cikin hanyoyinsu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da shi a fitsari da kashi da jininsa, kuma ya fi yaɗuwa da rani, daidai lokacin farauta. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona a Suleja ta jihar Neja. Dabbar da aka tarar a mace, addini ya riga ya haramta ta, likitoci ma sun hana ko taɓa ta, balle in jini na fita ta hanci ko baki. Wadda aka ga tana layi ko ta kasa gudu ba tare da rauni ba, ita ma a ƙyale ta. Mai ciwo a hannu kada ya yi fiɗa sai da safar roba. In an dawo gida a wanke jaka da buhuna da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, kada a jingine su kusa da hatsi ko inda yara ke wasa. Wanda zazzaɓi ya kama bayan dawowa daga daji ya je asibiti da wuri, ya kuma gaya wa likita inda ya je da abin da ya taɓa.

Mu tuna kuma ba kowace dabba ce ta halatta a sa a jaka ba. Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, kuma an haramta farauta a gandun daji irin su Yankari da Kamuku da Gashaka-Gumti, haka ma gandun W a Jamhuriyar Nijar. Namun dajin da suka rage mana kaɗan ne, wanda hakan ya ƙara sa barin abin da aka kashe ya ruɓe ya zama asara biyu.

Muna kira ga sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta da su sa buhunan yadi cikin kayan da ake dubawa kafin a fita, kamar yadda ake duba makami. Mu kuma masu saye a kasuwa da bakin hanya, mu karya bandar mu ga cikinta, mu sansana, mu tambayi a cikin me aka kawo ta, sannan mu dafa ta ta nuna sosai kafin a kai gaban iyali.