Daga *hiss* zuwa *whoosh*: kalmomin kwaikwayon sauti a Ingilishi

Mai karanta littattafan hira na Ingilishi da aka rubuta a Najeriya yakan ci karo da jimlar *she hissed*. Idan ya buɗe ƙamusun da aka buga a Ingila, zai tarar *hiss* na nufin hucin maciji, ko na kyanwar da aka tsokana, ko na tururin da ke tsira ta wata ƴar kafa. Sai ya ɗauka matar huci ta yi irin na kububuwa, alhali marubucin tsaki yake nufi. Sautukan biyu kuwa sun yi hannun riga: huci da iska mai fita ake yin sa, tsaki zuƙowa ake yi. Wannan ɗan misali ya isa ya nuna cewa kalmar da ake zaton kunne kaɗai zai fassara ta tana iya kayar da mai fassara.

Kalmar tana cikin wani rukuni mai yawa: *hiss, fizz, sizzle, buzz, whizz, whirr, swish, whoosh, zip, zoom*. Kusan dukkansu an gina su a kan zuzau, wato baƙin da ake furtawa ta hanyar ƙuntata mafitar iska har ta fita da gogayya. Dalilin bai ɓuya ba. Abin da ke faruwa a bakin mai furta /s/ shi ne abin da ke faruwa a tayar da ƙaya ta huda: iska ce ke kutsawa ta ƙaramar kafa. A nan baki ba kamanta sautin kawai yake yi ba, haifar da irinsa yake yi.

Bambancin *hiss* da *buzz* bambancin ziza ne. Gurbin furucin /s/ da /z/ ɗaya ne, duka ƴan hanƙa ne, sai dai a wajen /z/ tantanin maƙwallato na kaɗawa. Hucin maciji iska ce zalla, babu abin da ke kaɗawa a cikinta, don haka marar ziza ya dace da shi. Ƙudan zuma kuwa yana kaɗa fiffikensa fiye da sau 200 a daƙiƙa guda, kuma wannan kaɗawa ce kunne ke ji, shi ya sa *buzz* ta fara da mai ziza ta ƙare da mai ziza. (Malaman da suka zaɓi kalmomin «ziza» da «zuzau» don koyar da furuci da Hausa su ma kunnensu suka bi.) Shi kuma /ʃ/, wanda ake rubutawa *sh*, ƙarfin amonsa yana ƙasa da na /s/: na /s/ ya fi taruwa sama da has 4000, na /ʃ/ yana farawa tun wajen 2000. Saboda haka ya fi kama da iska mai faɗi, kamar ta tufa mai jan ƙasa ko ta bulala, wato *swish*.

Wasali ma yana da nasa aiki. Gajeren /ɪ/ na *zip*, *whizz* da *swish* yana tafiya da abu ƙarami mai wucewa kamar ƙiftawar ido. Dogon /uː/ na *zoom* da *whoosh* yana tafiya da abu mai girma da ke ture iska mai yawa. Tun a 1929 Edward Sapir ya gwada mutane da ƙagaggun kalmomi biyu, *mil* da *mal*, ya tarar mafi yawansu sun ba ƙaramin tebur ta farko, babban kuma ta biyu. Haka ƙarshen kalma: *zip* tsayau ya datse ta, sautin ya mutu nan take, *zoom* kuwa ɗan hanci ya rufe ta, ana iya jan sa har numfashi ya ƙare, kamar ƙugin babur da ke nisa.

Farkon *whizz*, *whoosh*, *whirr* da *whistle* zai ba ɗalibin Tahoua ko Maradi sha'awa. A tsohon Ingilishi *hw* ake rubuta wannan sauti, kuma har yau a Sikotilan da Ailan akwai masu furta shi da hucinsa, ko da yake a Landan ya koma /w/ tsura. Wanda ya tashi yana cewa «hwara» da «hwaɗi» a inda Bakano ke cewa «fara» da «faɗi» yana da wannan furuci a bakinsa tun daga gida, kuma *whistle* ɗinsa ta fi ta mutumin Landan kusa da asali.

Sai dai kada a zarce. Ferdinand de Saussure, a darussansa da aka buga a 1916, ya nace cewa babu wata dangantaka ta tilas tsakanin sautin kalma da ma'anarta, ya kuma ɗauki kwaikwayon sauti abu ne na gefe. Yana da hujja: *fish* da *dish* sun ƙare kamar *swish*, *wheat* ta fara kamar *whizz*, amma babu huci ko gudu a cikinsu. Kuma sautin da Ba'ingile ke ji *buzz*, Bafaranshe *bourdonner* yake cewa. Inda maganarsa ta gaza shi ne tarin kalmomi irin su *swish, swing, sweep, swirl, sway*, waɗanda suka yi tarayya a farko da kuma a ma'anar motsi mai lilo, alhali *sw* ba ɗafi ba ne. J. R. Firth ne ya raɗa wa irin wannan guntu suna *phonestheme* a 1930.

Babban abin da ya raba su da amsa-kama na Hausa nahawu ne. «Wuf», «fuu» da «zuu» sukan zo bayan aikatau, ba sa karɓar ɗafi, wasunsu ma suna ƙarewa da baƙaƙen da kalmomin Hausa na asali ba su cika ƙarewa da su ba. Na Ingilishi kuwa cikakkun aikatau ne da sunaye: *buzzed, buzzing, buzzes*. Har ɗafa-ƙeyar *-le* mai nuna maimaici suna ɗauka, kamar a *sizzle*, ƙarar nama a cikin tafasasshen mai. Kuma suna iya zama aikatau na motsi. A *the bullet whizzed past*, kalma guda ta ɗauki tafiya da sauri da ƙara. Faransanci sai ya raba: *la balle passa en sifflant*. Hausa ma rabawa take yi: harsashi ya wuce fuu. Leonard Talmy ya yi bayanin wannan bambanci tsakanin harsuna a 1985. Mai fassarar da ya tsaya neman aikatau guda na Hausa da zai maye *whizz* zai daɗe yana nema, wanda kuma ya rubuta «ya wuce da sauri» ya zubar da rabin jimlar.

Da yake kalmomi ne cikakku, ma'anarsu na yawo. A 1923 kamfanin B. F. Goodrich na Amurka ya sa wa wasu takalman roba suna *Zipper* saboda ƙarar abin zuge su, daga nan sunan ya bi abin zugewar har ya iso teburin tela a matsayin «zif». *Zoom* ta bi ta bakin matuƙan jiragen sama, ta shiga kamara, ta ƙare a manhajar taro. *Buzz* ta koma surutun jama'a a kan wani abu, Faransanci ya ara ya ce *faire le buzz*. Ita kuwa *fizzle*, wadda yau ke nufin abu ya fara da ƙarfi ya shiririce, a ƙarni na 16 tusa marar ƙara take nufi.

Akwai kuma tarkon furuci. Hausa ba ta saba ƙare kalma da /z/ ba, don haka bakin Bahaushe yakan mayar da shi /s/, *buzz* ta koma *bus*, *fuzz* ta koma *fuss*. Rubutu ma ba ya taimako, domin *his* da /z/ take ƙarewa, *hiss* da /s/. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora yatsa a maƙogwaro a ja ƙarshen kalmar. Idan bai yi rawa ba, motar haya aka ambata, ba ƙudan zuma ba.